Kujerar Baya ta Motar Sannu-Sannu

Ku jawo kujeru ku zauna, mai waya a hannu ya kifa ta a cinya tukuna. Labarin maƙwabcina zan ba ku, wanda katanga ɗaya ce ta raba ɗakina da nasu shekara goma sha ɗaya. Na girme shi, Yaya yake ce mini, kuma katangar nan ba ta da kauri, don haka abin da zan faɗa muku rabi da idona na gani, rabi da kunnena na ji.

Direba ne. Motar makarantar yara yake ja, wata tsohuwar bas mai ruwan ɗorawa, kujeru ashirin da biyu, wadda makullin ƙofarta ya mutu tun da daɗewa aka koma rufe ta da kwaɗo kamar shago. Shekararsa goma sha tara a kan sitiyarin nan bai taɓa goge ko fentin motar wani ba. Sunansa na gaskiya ina jin sai takardun ofis ne suka san shi, domin kowa Sannu-Sannu yake ce masa. Abokinsa bakanike, wanda ake kira Baƙin Mai, shi ya laƙaba masa, kuma har gobe yana rantsuwa cewa da idonsa ya ga mai turin baro ya wuce bas ɗin a kan titi, har ya waiwayo ya tambayi direban ko a taimaka a tura. Yara kuma Kawu Sannu suke cewa. Shi dai murmushi kawai yake yi, ya ce kayan da ya ɗauko ba a sayar da irinsu a kasuwa.

Mutum ne mai tsari har ya so ya yi yawa. Da safe kafin ya murɗa makulli sai ya zagaya motar, ya shuri kowace taya, ya zaro sandar auna mai ya duba, ya goge madubai da wani tsumma da ba ya yarda kowa ya taɓa. Da rana in ya sauke yaron ƙarshe ya dawo harabar makaranta, sai ya taka daga gaba har kujerar baya yana leƙe. A nan yake tsintar abin mamaki: gorar ruwa, safa ƙafa ɗaya, haƙorin da ya fita an naɗe shi a takarda, rabin biredi da aka cusa tsakanin kujeru tun shekaranjiya. Sannan ya ɗauki kwaɗon daga gaban mota inda yake ajiye shi, ya rufe, ya taka zuwa gida, tafiyar minti goma.

Ranar da abin ya faru wata Laraba ce mai zafi. Malamar da ke raka yara a mota ba ta zo ba, ɗanta ba lafiya. Shi kuma, ku yi mini afuwa, cikinsa ne ya ɓaci tun safe. Ya daure ya riƙa sauke yara ɗaya bayan ɗaya yana cije leɓe. A ƙofar wani gida mai koren ƙyaure ya tsaya ya yi hon, ba wanda ya sauka, ba wanda ya fito, sai ya ɗauka uwar yarinyar gidan ce ta je ta ɗauke ta da kanta, kamar yadda takan yi wani lokaci. Yana shiga harabar makaranta ya ja burkin hannu, ya fizgi kwaɗo ya datse ƙofa, ya nufi bayan gida da irin saurin da ba a taɓa ganinsa da shi ba. Da ya fito, jiki ya yi sakayau, ya ga mota a rufe, sai ƙafafunsa suka ɗauke shi gida kamar kullum.

Ya wanke hannu zai ci abinci ke nan waya ta yi ƙara. Uwar yarinyar ce ke neman 'yarta.

Ban san yadda mutum mai shekara hamsin da uku ya yi gudun nan ba, amma ni na gan shi ya wuce ƙofata ba takalmi. Ya tarar da yarinyar a tsaye a kan kujerar baya, 'yar shekara huɗu, ta farka daga barcin da ya kwashe ta a ƙasan kujera, ta manna tafukan hannunta biyu a jikin gilashi. Ta yi kuka har murya ta dushe, riga ta jiƙe sharkaf. Minti hamsin ta yi a ciki. Aka kai ta asibiti, aka ba ta ruwa, aka duba aka ce ba abin da ya same ta. Uwar ta karɓi 'yarta ta rungume, ta dube shi sau ɗaya, ba ta ce masa kanzil ba. Daga baya ya gaya mini da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Shugabar makarantar, wata mace mai tabarau da ba ta son doguwar magana, ta ba shi takardar gargaɗi da dakatarwar mako biyu. Yarinya ta koma aji ranar Litinin, uwarta ke kai ta tana ɗauko ta. Wajen kowa magana ta mutu. Shi kuwa a lokacin ta fara cinsa.

Tunanin yana da hanyarsa, tasha-tasha, kamar wadda yake bi da mota. Yakan taso daga ƙofar bayan gida, daidai lokacin da ya fito ya ga mota a rufe: me ya sa ban leƙa ba? Daga nan ya biya ta gilashi da tafukan nan biyu. Sai ya tsaya a kan da uwar ba ta kira ba fa, da an ƙara awa ɗaya fa. Ya ƙare a tambaya guda, wane irin mutum ne zai zauna cin abinci 'yar mutane na rufe a mota. In an kai nan ba sauka ake yi ba, komawa ake yi ƙofar bayan gida a sake ɗaukowa. Yana wanka yana ciki, yana tauna abinci yana ciki, ana yi masa magana yana amsawa yana ciki.

Da mako biyun suka cika ya sa kakinsa ya tafi aiki. Ya zagaya mota, ya shuri tayoyi, ya hau ya zauna. Ya kai hannu ga makulli, hannun ya ƙi. Minti biyar yana zaune gumi na zuba, sannan ya sauko ya miƙa wa shugaba makullin, ya kasa haɗa ido da ita. Ta ɗauko direban wucin gadi, ta ce masa ya je ya nemi lafiya. Ta kuma faɗa masa gaskiya ba kwana-kwana: za ta riƙe masa kujerarsa har ƙarshen zangon karatu da hutun da ke biye, mako goma sha ɗaya ke nan. Ranar da aka koma, in bai iya ba, dole ta tabbatar da wancan a kan aikin.

A nan ne matarsa, Maman Biyu, tela ce mai tagwaye mata, ta yi abin da duk mai ƙauna zai yi, mu kuma muka taya ta. Muka ce hutu yake buƙata. Ta share masa ɗakin ciki, ta fitar da rediyo, ta saki labule. Keken ɗinkinta ta kinkimo ta kawo barandata don kada ƙararsa ta dame shi. 'Yan biyu, waɗanda in suna gida ba ka jin ko kiran sunanka, aka koya musu tafiya da sanɗa. Famfon tsakar gida ya fara ɗiga, ya ɗauko sifana zai gyara, ta karɓe ta ce ya koma ya kwanta, za a kira mai gyara. Masu zuwa dubiya kowa bakinsa ɗaya: ka cire abin a ranka, ka daina tunani, ai yarinya lafiyarta ƙalau. Ni ma na faɗa, ba sau ɗaya ba. Sai ya gyaɗa kai, mu fita a hankali mu ja masa ƙofa, mu bar shi da bango huɗu da silin.

Mako biyar a haka. Ya rame har ya huda sabon rami a bel ɗinsa, gemu ya cika fuska, kwanon abinci yadda ya shiga haka yake fitowa. In an ce a je asibiti sai ya ce shi ba ciwo yake yi ba, tunani yake yi, kuma dole ya yi shi har ya gano inda ya lalace, don direban da bai gano musabbabin kuskurensa ba zai sake. Ku riƙe wannan da kyau, shi a ganinsa aiki yake yi a ɗakin nan, aiki mai muhimmanci.

Wata safiya Maman Biyu ta shiga masa da shayi, sai ya ce mata cikin sanyin murya, kamar mai cewa hadari ya haɗo, wai ya duba ya ga da ba shi a gidan da ita da yara sun fi samun sauƙi. Ta ajiye kofin ta fito, ta same ni a baranda ta faɗa mini. Ba mu tsaya shawara ba muka kira Baƙin Mai a waya.

Ya zo da kayan aikinsa a jiki, ya shiga ɗakin kansa tsaye, ya yaye labule.

"Kai, tsohon banza, haka ka koma? Wa ya gaya muku in mota ta ƙi tashi lulluɓe ta ake yi da tampol? Tashi ka sa riga."

Sannu-Sannu ya ce ba inda za shi. Baƙin Mai ya ce to shi ma ba inda za shi, ya zauna daram da wandonsa mai maiƙo a kan farin zanen gadon Maman Biyu, ya ce motoci uku na jiransa a gareji, kuma ya riga ya kwatanta wa masu su gidan nan. Ba a yi rabin awa ba suka nufi asibiti su uku, har da Maman Biyu.

Abin da ya faru a asibiti Maman Biyu ce ta fara ba ni, shi kuma daga baya ya cike mini gurbi. Likitar da suka samu mace ce, yarinya a cewarsa, ba za ta wuce sa'ar autar gidansu ba. Ta yi kusan awa ɗaya tana tambayarsa, barci, ci, ƙarfin jiki, har da ko ya taɓa tunanin cutar da kansa. Sannan ta ce ciwon damuwa ne, ciwo kamar hawan jini, kuma yana da magani. Ya ce mata cikin ladabi shi fa ba mahaukaci ba ne. Ta ce ta sani. Sai ta juya bayan wata takarda ta zana kan mutum.

Ta ce a cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu sassa da suka fi kama aiki lokacin da mutum ya zauna ba ya yin komai. Su ne masu ɗauko zancen jiya da na gobe, da wa ya ce mini me, da ni wane irin mutum ne. Kowa yana da su, kuma suna da amfaninsu. In aiki ya taso gaban mutum sai su sassauta, wasu sassan su karɓi ragama. Amma masu bincike da ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa tana cikin aiki sun lura cewa wajen masu ciwon damuwa da yawa waɗannan sassa ba sa sassautawa yadda ya kamata, kuma sukan ƙulla da wurin da ke riƙe baƙin ciki, sai zance ɗaya ya yi ta zagayawa. Ta ce ba a gama gane komai ba tukuna, amma abin da yake ji ba lalaci ba ne, ba kuma rashin tawakkali ba.

Ya ɗora yatsa a kan zanen.

"Likita, wato mota tana firi, ba giya, an danne totur."

"Yaya take yi in an yi mata haka, Baba?"

"Ihu kawai. Mai na ƙonewa, inji na zafi, taya ko motsi."

"To ai ka fi ni iya bayanin."

Sai ta tambaye shi, a mako bakwai da ya yi yana wannan bincike, wane sabon abu ya gano. Ya duba, abu uku ne dai. Cikinsa ya ɓaci, ya yi sauri, bai leƙa ba. Tun ranar farko ya san wannan, kuma bai ƙara ko kalma ɗaya a kai ba.

Ta rubuta masa ƙwayoyin sha kullum, ta gargaɗe shi ba za su nuna aikinsu ba sai bayan makonni, kada ya yar da su a kwana huɗu ya ce ba sa yi. Zai riƙa zuwa duk mako su zauna. Hannunsa kuma ya samu abin yi kowace rana, ko yana so ko ba ya so. Ba ta ce ya kori tunanin ba, don ta ce kora ba ta aiki. Cewa ta yi ya yanka masa lokaci, minti goma sha biyar a rana, da biro da takarda, in ya zo kafin lokacinsa a ce masa ya jira. Kuma duk tambayar da ta fara da "me ya sa" ya yi ƙoƙari ya mayar da ita "yaya za a yi". Maman Biyu kuma aka ce mata in ya sake irin maganar da ya yi da safe, kada ta jira ranar zuwa, ta kawo shi nan take.

Da Maman Biyu ta gane cewa ɗakin shirun nan da labulen su ne suka ba ciwon fili, sai ta fashe da kuka a gaban likita. Likita ta ce mata ba laifinta ba ne, gidaje da yawa haka suke yi don ƙauna. Suna dawowa, ko mayafi ba ta cire ba ta zo ta kwashi kekenta daga barandata ta dasa shi a ƙofar ɗakinsa, ta mayar da rediyo, ta ce wa 'yan biyu su yi ihunsu yadda suka saba. Ba su jira an maimaita ba.

Garejin Baƙin Mai wani fili ne a bayan gidan mai, rumfar kwano, ƙasa ta yi baƙi da maiƙon shekaru, rami ɗaya na shiga ƙarƙashin mota, da tsofaffin tayoyi da ake zama a kai. Ya ba abokinsa daro da kalanzir da tsohon buroshin haƙori, ya zube masa notoci da filogi da kayan kafireto ya ce ya wanke. Ranar farko noti ɗaya ya yi rabin awa a hannunsa, ido na kan daro, shi kuma yana can ƙofar bayan gida. Baƙin Mai ya hango daga ƙarƙashin mota. Bai ce masa ya daina tunani ba, kira kawai ya yi: "Sha uku." Sannu-Sannu ya zabura ya nemo sifana mai lamba sha uku ya miƙa. Ba a jima ba, "Sha bakwai. Ba wannan ba, mai zobe, makaho." Haka suka wuni. Na tabbata rabin sifanun nan bai buƙace su ba, don an ce da yamma ƙarƙashin motar ya cika da su kamar an baje kolin sayarwa.

Ba zan ce muku abu ya gyaru a mako ɗaya ba. Amma ya lura in yana neman lamba a jikin sifana, ko yana bin zaren noti da buroshi, zancen yakan yi shiru na minti biyu, daga baya biyar. Ya gaya wa likita, ta ce ya riƙe wannan da hannu biyu. Mako na uku kwanon abinci ya fara fitowa da sauƙi.

Sai aka kawo wata ƙaramar mota gyaran burki, ta yi datti, a gilashin baya wani yaro ya manna tafinsa ya bar shaida. Sannu-Sannu ya tsaya yana kallo. Ya ajiye buroshi, ko hannu bai wanke ba, ya tafi gida ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. Kwana biyu yana nan. Hannun Maman Biyu har ya kai ga labule zai saki, ta tuna, ta janye. Ta zauna ta ci gaba da taka keke a ƙofarsa, tana miƙa masa ƙwayarsa da ruwa a kan lokaci. Rana ta uku wajen ƙarfe goma sha ɗaya na ji ƙarar bokiti. Ya yi wanka ya fito, fuska ba walwala, ya gaishe ni. Na ce ina zuwa haka. Ya ce, "Gareji, Yaya. Ba don ina so ba." Baƙin Mai da ya gan shi ko ɗagowa bai yi ba, cewa ya yi notocin sun yi ta cigiyarsa.

Minti goma sha biyar ɗin nan a bencin ƙofar gida yake yin su, ƙarfe biyar na yamma, agogon hannu a kan gwiwa, da tsohon littafin rubutun ɗaya daga 'yan biyu da ya rage shafuka. Da farko shafi guda yakan cika da "me ya sa" tun daga sama har ƙasa. Mayar da su "yaya", in ji shi, ya fi wanke kafireto wuya. Ya rubuta: yaya za a yi in daina mantuwa? Likita ta ce wannan ta yi faɗi, ba ɗan Adam da ba ya mantuwa, ya je ya matse ta. Ya yi kwanaki yana matsewa har ta koma haka: yaya za a yi, ko cikina ya ɓaci, ko me ake yi a duniya, in kasa barin motar nan sai na je baya?

Wannan kam tambayar direba ce, kuma tana da amsa. Washegari ya je gareji da zane a takarda. Kwaɗon ƙofa, wanda shekara da shekaru yake ajiyewa a gaban mota kusa da hannunsa, shi za a mayar baya. A yi waldar ƙugiya a ƙarƙashin kujerar ƙarshe, can ciki, inda hannu ba ya kaiwa sai an durƙusa, kwaɗo ya riƙa wuni a can. Ba rufe mota sai an taka har baya an sunkuya, wanda ya sunkuya a nan kuwa ya ga ƙasan kujeru duka har gaba. Baƙin Mai ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce shekara talatin yana jiran ranar da kan nan zai fitar da abu mai amfani. Suka nemi izinin shugaba, suka je cikin hutu suka yi waldar.

Ranar Asabar ta ƙarshe kafin a koma makaranta, shugaba ta ce ta ga takardar likita, amma ita da idonta take aiki. Zai zagaya da ita hanyar gaba ɗaya, mota ba yara. Ta zauna a kujerar da ke bayansa da jaka a cinya. Ya zagaya, ya shuri tayoyi, ya hau. Ya kai hannu ga makulli, wannan karon ya murɗa.

Suka wuce gidan mai, suka wuce masu sayar da kayan gini, yana tsayawa a kowace ƙofa kamar ana hawa. Tasha tara lafiya lau. Ta goma ita ce gida mai koren ƙyaure, a wani layi da ake shiga ta hannun hagu bayan shagon mai aski. Tun da ya hango allon mai askin daga nesa abin ya taso, ya kama hanyarsa da ya saba. Idonsa na kan titi, ƙafarsa na aikinta, motar ba ta kauce ko taku ɗaya ba, amma da ya farga shagon mai aski yana cikin madubi. Ya wuce kwanar.

Shugaba ba ta san hanyar sosai ba, a lokacin ma wayarta take dubawa. Da ya shiga ta layi na gaba ya zagayo, da har abada ba ta sani ba. Ya sa sigina, ya gangara gefe, ya tsaya.

"Malama, na wuce kwana. Tunanin ne ya zo, ya ɗauke ni kamar tsawon turakun wuta uku. Zan juya."

Ta ajiye waya ta dube shi ta madubi. Shi kuma ya yi abin da suka shirya da likita, ya riƙa faɗin abin da hannunsa ke yi a bayyane, a hankali: madubi, sigina, giya ɗaya, mai babur ya wuce, yanzu. Ya juya, ya shiga layin, ya tsaya a ƙofar nan, ya wuce. Sauran tasha goma sha biyu bai sake kuskure ba. Da suka dawo haraba ya kashe mota, ya taka har baya, ya durƙusa gwiwoyi na ƙara, ya ciro kwaɗo.

Ta jira shi a bakin ƙofa, ta tambaye shi ko abin zai sake zuwa.

"Zai zo, Malama. Jiya ya zo, yau ma kin gani. Da in ya zo wuni yake yi, yanzu ba ya daɗewa, kuma ina gane shi in ya shigo. Ban zo in ce miki na warke ba. Na zo in ce zan iya aikin, kuma ranar da na ga ba zan iya ba, ni zan fara kawo miki makulli, kamar wancan karon."

Ta goge tabarau da gefen mayafi. Sannan ta ce zai koma, amma zagayen safe kawai na wata ɗaya, da malama mai rakiya kullum ba fashi, daga nan a sake dubawa. Kuma ba za ta ɓoye wa iyaye ba. Makarantar na da mota ta biyu, za ta aika wa kowane gida takarda ta faɗi abin da ya faru, da gyaran da aka yi wa motar, kowa ya zaɓi wadda yake so ɗansa ya hau. Ta tambaye shi ko ya yarda a sa maganar jinyarsa a ciki, ta ce in bai yarda ba ba za a sa ba. Maman Biyu da ta ji ta ce wannan ai tonon asiri ne, gobe a riƙa nuna 'ya'yanta da baki. Suka kwana biyu suna ja. Shi ya ce mutum ba zai ɗauki 'ya'yan mutane a kan rabin gaskiya ba, a rubuta.

Gida ashirin da biyu aka aika wa. Goma sha huɗu suka ce Kawu Sannu. Biyar suka zaɓi ɗaya motar, kuma bai ga laifinsu ba. Uku ba su mayar da takardar ba, ciki har da gida mai koren ƙyaure.

Ranar da aka koma, tun ƙarfe shida na ji ƙarar ƙofarsu. Ya fito cikin kaki ya sha guga, ya yi aski, ya ɗaga mini hannu ya wuce. Malamar rakiya ce ta ba Maman Biyu labari da rana. Ya ɗauki goma sha huɗunsa. Wata mai baki a cikinsu ta tambaye shi ko gaskiya ne kansa ne ya yi ciwo, ya ce gaskiya ne, ana kuma yi masa magani, ta koma ta zauna da kyau. A koren ƙyaure ya tsaya, tunda ba a ce masa kada ya tsaya ba, ya yi hon sau ɗaya, ya jira minti guda cif. Labulen taga ya motsa, ƙyaure bai buɗe ba. Ya duba madubi, ya sa sigina, ya ja.

Yau mako na uku ke nan. Har yanzu yana zuwa wajen likita, da rana yana gareji yana shan zagi, ƙarfe biyar kuma in kun biyo ta layinmu za ku gan shi a benci da agogo a gwiwa, kada ku yi masa magana sai ya rufe littafin. Takardun nan uku suna nan a gidajen masu su, shugaba ta ce ba za ta matsa wa kowa ba. Ni nawa yaran sun girma, ba a aiko mini ba. Amma ku da kuke da na kaiwa makaranta, da a hannunku takardar ta faɗo, ga direban da bai taɓa mantuwa ba tukuna, ga wanda ya manta sau ɗaya ya kuma ce a rubuta, wace mota za ku sa wa hannu?